Tarihin Ƙa'idar Neman Mai Gida Bayan Cikar Wa'adin Dillalinsa a Ƙasar Amurka

Kalmar dillali aro ce daga Larabci, daga tushen da ke nufin nuna hanya, watau mutumin da ke nuna wa mai saye inda haja ta ke. La'ada kuwa, wadda ita ce ladan wahalarsa, ita ma can ta fito, asalinsu ɗaya da al'ada, domin abin da aka saba bayarwa ne, ba sai an rubuta ba. Dillancin gidaje a Amurka ya bi wata hanya dabam, don a can kome sai an sa shi a takarda, har da ranar da amanar da aka ba dillali za ta ƙare. Bisa wannan rana ne dillalai da hukuma suka yi ta kafa ƙa'idodi shekara ɗari da 'yan kai.

Yadda abin ya ke shi ne, in mutum zai sayar da gidansa ya kan ƙulla yarjejeniya da dillali guda, ya ba shi wa'adi, sau da yawa wata uku ko shida, bisa sharaɗin cewa cikin wannan lokaci shi kaɗai ke da ikon tallata gidan. Dillalin sai ya shigar da gidan cikin babbar rajistar da dillalan gari suka haɗa kai suka kafa, inda kowa ke ganin hajar kowa. In wa'adi ya cika ba a sami mai saye ba, rajistar za ta nuna, duk dillalan garin kuwa su gani. To, ga mutum ya riga ya bayyana yana son sayarwa, ga shi kuma wataƙila ya gaji da dillalinsa na farko. Babu abokin cinikin da ya fi wannan sauƙin samu.

Cikin shekarar 1908 dillalan gidaje suka taru a birnin Shikago suka kafa jam'iyyarsu ta ƙasa baki ɗaya. A lokacin sana'ar ba ta da mutunci sosai, gama kowane mai bakin magana yana iya tsayawa bakin titi ya ce shi dillali ne. Cikin 1913 jam'iyyar ta tsara littafin ladabin sana'a, a ciki kuwa har da umurnin cewa dillali ya kiyaye alfarmar gidan da aka ba ɗan'uwansa dillali. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna da hanin da aka yi ga Musulmi ya shiga cinikin ɗan'uwansa, ko da ya ke babu alamar ɗaya ya ɗauko daga ɗaya. Bayan shekara uku, cikin 1916, aka karɓi shawarar Charles Chadbourn na birnin Miniyapolis, aka ƙago sabuwar kalma, Realtor, don a bambanta ɗan jam'iyya da sauran dillalai, daga baya har aka yi mata rajista ta zama mallakar jam'iyyar. Ba kasafai a ke ganin masu sana'a sun ƙera wa kansu suna sun kuma hana kowa taɓa shi ba.

Wannan umurni na 1913 shi ne ya bunƙasa ya zama sashe na 16 cikin sassa 17 na littafin. Abin da ya hana shi ne dillali ya je wurin mai gida yana zawarcinsa alhali wa'adin wani bai cika ba. Amma an bar ƙofofi. In dillali ya yi talla ga jama'a duka, ko ya aika da takarda gida gida cikin unguwa, ba laifi ko ta faɗa hannun wanda ke da dillali. In mai gida ne da kansa ya fara nemansa, ya halatta su tattauna yarjejeniyar da za ta fara aiki bayan ta yanzu ta ƙare. In kuwa ya tambayi dillalin farko ranar cikar wa'adi ya ƙi faɗa, to yana da izinin ya tambayi mai gidan. Sa'ad da wa'adi ya cika hani ya faɗi, sai dai wajibi ne ya bincika tukuna ko mai gida ya sabunta yarjejeniya, ko ya ƙulla da wani. Dillalin farko kuwa ba a bar shi hannu wofi ba: yawancin yarjejeniyoyin suna da sharaɗin cewa in aka sayar wa wanda shi ya kawo, cikin wani ɗan lokaci bayan wa'adi, la'adarsa na nan.

Mai karatu zai lura duk waɗannan sharuɗɗa tsakanin dillali ne da dillali. La'ada su ke tsarewa, ba kwanciyar hankalin mai gida ba, shi ya sa ran da wa'adi ya cika babu abin da ke kāre shi. Hukuma ma ba ta saki jiki da irin wannan haɗin kai ba, don cikin 1950 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsayar da la'ada iri ɗaya da dillalan birnin Washinton suka yi ya saɓa wa dokar Sherman ta 1890, mai hana 'yan kasuwa haɗa baki bisa farashi.

Abin da ya fara jawo hukuma ta dubi mai gida shi kansa abin kunya ne. Tun 1924 littafin ladabin ya hana ɗan jam'iyya shigar da mutanen wani jinsi unguwar da a ke ganin zuwansu zai karya darajar gidaje, ba a cire wannan lafazi ba sai 1950. Cikin shekarun da suka biyo, waɗansu dillalai suka mai da wariyar launin fata hanyar cin riba. Su kan bi gidajen farar fata suna tsoratar da su cewa baƙar fata na shigowa unguwa, su saye gidajen da araha, sa'an nan su sayar wa baƙar fata da tsada. Dokar adalcin gidaje ta 1968 ta haramta wannan. Waɗansu garuruwa suka zarce, har garin Willingboro na jihar Niyu Jasi ya hana kafa allon sayarwa a ƙofar gida, amma cikin 1977 Kotun Ƙoli ta rushe hanin, ta ce ya tauye 'yancin magana. Jihar Niyu Yok kuwa ta ba hukumarta ikon keɓe unguwanni inda mai gida zai rubuta sunansa, dillali ya daina damunsa.

Tarho shi ya kawo mataki na ƙarshe. Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka cikin 1991 don tsare masu tarho daga 'yan talla, ta ba wanda aka dama ikon kai ƙara ya nemi dala 500 bisa kowane laifi, har ninki uku in da gangan ne. Ƙa'idodin da suka biyo sun hana kiran talla kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare. Cikin 2003 aka buɗe rajistar ƙasa ta waɗanda ba su son a kira su, kafin shekarar ta ƙare lambobin da aka shigar sun wuce miliyan 50. Daga nan cikar wa'adi ta daina zama izini ita kaɗai. Dillalin da ya ga gida ya fita daga rajistar 'yan'uwansa tilas ya duba rajistar hukuma, in lambar mai gidan na ciki, ba shi da damar bugawa.

A nan kuwa dokar ta juya abin yadda masu tsara ta wataƙila ba su nufa ba. Ta keɓe wanda ya riga ya yi ma'amala da mutum, ta ba shi wata 18 yana iya kiransa, muddin mutumin bai ce masa ya bari ba. Saboda haka dillalin farko, wanda ya kasa sayar da gidan, shi ke da ikon buga tarho, sauran kuwa sai su koma ga wasiƙa ta gidan waya ko ƙwanƙwasa ƙofa, waɗanda rajistar ba ta shafa ba, in dai dokar garin ko ta jihar ba ta hana su ba.