Mai Kwashe Shara a Cikin Kwamfuta, da Yadda Ake Jarraba Shi



A wajen shekarar 1959 ne John McCarthy, masanin lissafi a cibiyar MIT ta ƙasar Amurka, ya ci karo da wata matsala sa'ad da yake gina harshen kwamfuta mai suna Lisp a kan injin IBM 704, wanda ma'ajiyarsa ba ta wuce gurabe 32,768 ba. Shiri yakan ari gurbi ya ajiye bayani, ya gama da shi bai mayar ba, har ma'ajiyar ta cika. Dabarar da ya fito da ita ita ce, in wuri ya ƙare sai injin ya dakata, ya bi duk abin da shirin ke iya kaiwa gare shi ya sa masa alama, sa'an nan ya share ragowar. Wannan shi aka kira kwashe shara.

A 1960 George Collins ya kawo wata hanyar, wato ƙidaya masu riƙe da kowane gurbi, in ba sauran kowa a sake shi. Aibinta kuwa, abubuwa biyu da suka riƙe juna ba sa sakuwa har abada. Shi ya sa harshen Python ya ƙara mata mai farautar irin wannan ƙulli a shekarar 2000.

To amma barin shara ƙaramin laifi ne. Babban laifi shi ne share abin da ake bukata. Ma'aikatan da ke zauren nan sun san bambancin ofishin da tsofaffin fayil suka cushe da wanda masinja ya ƙona fayil ɗin da ake kan aiki da shi. Daɗa abin takaici, mai sharar ba kullum yake fitowa ba, don haka kuskuren yakan kwanta wata da watanni, ran da ya tashi kuma ɓarnar ta bayyana nesa da inda aka yi ta.

Saboda haka maginan harsuna ba sa zaman jiransa. Ruby da R suna da makunnin da ke tilasta masa fitowa duk lokacin da aka nemi gurbi, komai ƙanƙantarsa. Aiki yakan koma tafiyar hawainiya, amma abin da ba a riƙe da kyau ba nan take yake salwanta, a kama shi. Maginan Lua a Brazil kuwa har hana shirin gurbi suke yi da gangan, don su ga ko zai ba da labarin rashin wuri cikin natsuwa, ko kuwa zai ruguje ne.