Daga Duwatsun Matobo Zuwa Makarantun Koyon Zaman Daji

A Ingila da Kanada da Amurka akwai mutanen da kan tashi daga aiki ranar Juma'a da yamma, su biya kuɗi masu kauri, su tafi daji su kwana biyu suna koyon kunna wuta ba tare da ashana ba. Malami zai miƙa wa kowa ɗan katako busasshe, da sanda mai kaurin babban yatsa, da ƙaramin baka mai sakwakwar tsirkiya. A naɗe tsirkiyar a jikin sandar, a take katakon da ƙafa, a danne kan sandar da guntun itace, sai a yi ta kai da komo da bakan. Baƙin gari yana taruwa a wata 'yar tsaga da aka yanka a gefen katakon. In hannu bai sare ba, garin zai fara hayaƙi da kansa, ya zama garwashin da bai fi ƙwayar dawa ba. A ɗauke shi a hankali, a sa cikin busasshiyar ciyawa, a yi ta hurawa har ta kama. Sabon shiga kan jiƙe da gumi kafin ya ga hayaƙin farko.

Bayan wuta sai ɗinka bukka da rassa da ganye, tufka igiya daga ɓawon itace, da bin sawun dabba. Duk abin da ake koyarwa a nan tsohon ilimi ne, amma makarantun kansu ba su daɗe ba, kuma hanyar da ilimin ya bi ya iso gare su ta ratsa ta fagen yaƙi.

A shekarar 1896 Turawan Ingila suna yaƙi da Ndebele a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu. A duwatsun Matobo ne wani hafsa, Robert Baden-Powell, ya fita leƙen asiri tare da wani Ba'amurke, Frederick Russell Burnham, wanda ya koyi bin sawu tun yana saurayi wajen tsofaffin 'yan leƙen asiri a yammacin Amurka, su kuma yawancin abin da suka sani daga 'yan asalin ƙasar suka ɗauko shi. Akwai kuma Jan Grootboom, baƙar fata daga kudancin Afirka, wanda Baden-Powell da kansa ya yaba wa gwanintarsa da jarumtarsa. Abin da hafsan ya tsinta wajen irin waɗannan mutane shi ya zuba cikin wani ɗan littafi na sojoji a 1899. Da ya ga yara sun rungumi littafin, sai ya tara yara maza 20 a tsibirin Brownsea a 1907, ya yi musu sansani na gwaji, shekara ta zagayo ya fitar da Scouting for Boys. Daga nan ƙungiyar 'yan sikawut ta bazu a duniya. Bai kamata a manta ba cewa gwanintar da aka mayar wasan tarbiyyar yara an fara amfani da ita ne wajen farautar mutanen da ke kare ƙasarsu.

A Amurka kuwa wani marubuci mai nazarin dabbobi, Ernest Thompson Seton, ya riga Baden-Powell. Yaran unguwa sun addabi gonarsa a jihar Connecticut da ɓarna. Maimakon ya kai ƙara, sai ya gayyace su kwana a daji a 1902, ya koya musu sawu da kukan tsuntsaye. Ƙungiyar da ta fito daga nan ta ari sunaye da sutura da al'adun 'yan asalin Amurka ba tare da an tambaye su ba, a daidai lokacin da gwamnati ke kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hana su yin harshensu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wani reshe. A 1941 malami Kurt Hahn da mai jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi, gaɓar tekun Wales, don horar da samarin matuƙa su iya jure wahala in an nutsar da jirginsu. Wannan reshe ne ya iso gida: a 1951 Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay, kudancin Kamaru, daga baya cibiyar ta dawo Nijeriya, kuma har yau tana da makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos. Ɗan Man O' War da ke ba wa masu bautar ƙasa horo a sansani, asalin sunan ƙungiyarsa ke nan.

Makarantun ƙarshen mako irin na yau sun taso ne daga wajejen 1970 zuwa 1990. Mors Kochanski ya shafe shekaru yana koyarwa a dazuzzukan Alberta masu tsananin sanyi, ya mai da hankali kan wuƙa, gatari, wuta da sutura. Ray Mears ya kafa Woodlore a Ingila a 1983, sannan shirye-shiryensa na BBC suka kai sana'ar har ɗakin mutanen birni. A New Jersey, Tom Brown ya buɗe makarantar bin sawu a 1978, yana cewa wani tsoho ɗan ƙabilar Apache ne ya koyar da shi tun yana yaro. Mutane da dama sun yi shakkar wannan labari, ko da yake ɗalibansa sun cika ƙasar.

Ɗaya daga cikinsu, Jon Young, shi ya karkatar da abin daga neman tsira zuwa lura. Makarantarsa ta Wilderness Awareness, wadda ya fara a 1983 kuma yanzu take garin Duvall kusa da Seattle, ta shahara da darasin da ba ya bukatar kayan aiki ko ɗaya. A zaɓi wuri guda, gindin itace ko bakin rafi, a zauna shiru, a koma can gobe da jibi. Da farko dajin kan yi tsit, domin zuwan mutum ya firgita kowa. In aka jima ba motsi sai tsuntsaye su koma harkarsu, daga nan karatu ya fara. Young ya kasa muryoyinsu gida biyar: waƙa, kiran abokin zama, faɗan iyaka tsakanin maza, kukan 'ya'ya masu neman abinci, da kururuwar gargaɗi. Huɗun farko suna nufin lafiya lau. Ta biyar ita ke ba da labari, har ta nuna irin abin da ke tafe: in tsuntsaye suka ɗan hau sama suna tsawa suna kallon ƙasa, mai tafiya a ƙasa ne, kyanwa ko dila, in suka nutse cikin duhuwa aka yi shiru kwatsam, shaho ne ya gilma. Maharbin da ya taɓa ɗaura burtu a goshi ya rarrafo wa zabin daji ba zai ji baƙon abu a nan ba. Abin da Young ya yi shi ne tsara ilimin yadda ma'aikacin ofis zai iya ɗaukarsa daki-daki, kuma wannan aiki ne mai daraja.

Inda sana'ar ta daɗe da bashi a wuyanta shi ne wajen masu ilimin na asali. Littattafai suna ɗauke da sunayen Turawa, kuɗin makaranta yana shiga aljihunsu, mutanen Kalahari da na arewacin Kanada da aka zauna gabansu aka koya kuwa sau da yawa ko sunansu ba a rubuta ba.

Wani ɗan Afirka ta Kudu, Louis Liebenberg, ya yi ƙoƙarin rage wannan bashi. Ya yi shekaru yana bin mafarautan San a Kalahari, ya fitar da littafi a 1990 inda ya nuna cewa bin sawu tunani ne irin na kimiyya: a ga alama, a yi hasashe, a gwada shi da alama ta gaba. Daga nan ya tsara jarrabawar da ake yi a fili, gaban sawun gaske, wadda ba ta bukatar iya karatu, don gwani ya sami takardar shaida ya nemi aiki da ita a gandun daji. Ya kuma haɗa kai da wani masanin kwamfuta suka ƙirƙiro CyberTracker, manhajar da mai bin sawu ke taɓa hoton dabba ko na itace ya adana abin da ya gani tare da wurin. Karel Benadie, mai bin sawu a gandun Karoo wanda bai yi boko ba, ya yi amfani da ita ya tattara bayanai kan irin tsirran da baƙin karkanda ke ci daga wannan lokaci na shekara zuwa wancan, aka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta Pachyderm a 1999 da sunansa cikin marubutan. Jarrabawar ta ƙetare teku daga baya, yanzu malaman makarantun daji na Amurka da Turai suna yin ta, a auna su da ma'aunin da aka ɗauko daga gwanayen Afirka.