Tarihin saƙar ƙulli da ƙoshiya, da abin da ya shafi makarantunmu

Malamai da iyaye, yau zan kawo muku tarihin wata sana'ar hannu ta ƙasar Turai. Faransawa suna kiranta frivolité, wato aikin banza na kashe lokaci. Jamusawa kuwa suna ce mata aikin ɗan jirgin ruwa, saboda siffar ƙoshiyar da ake yinta da ita. Kayan aikin ba su da yawa: ƴar ƙoshiya da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, sai zaren auduga. Da su ake saƙa leshi na hannu, har da ƴan furannin da ake yi wa siffar ƙwayar dusar ƙanƙara.

Ƙulli iri ɗaya ne ake ta maimaitawa, mai rabi biyu. Wuyar aikin tana wurin juya ƙullin: sai ya tashi daga zaren ƙoshiya ya koma kan zaren da ke naɗe a yatsu. In ya juya, zaren ƙoshiya zai riƙa zamewa cikin ƙulle-ƙullen, a ja shi zobe ya rufe. In bai juya ba, zoben ya cije ke nan, sai an kwance. Tsakanin ƙulli da ƙulli akan bar ƴan madaukai, su ne ado, kuma da su ake haɗa zobe da zobe.

Asalinta wata tsohuwar al'ada ce ta matan fada. A ƙarni na 17 da na 18 sukan riƙe babbar ƙoshiya suna jera ƙulle-ƙulle a zare, daga baya a ɗinka zaren kan labule ko kujera. A 1756 mai zane Nattier ya zana Adélaïde, ɗiyar Sarki Louis na 15 na Faransa, tana wannan aikin. Sai a farkon ƙarni na 19 aka fara lanƙwasa jerin ƙullin ya zama zobe. A daidai lokacin kuma injin ya shigo: John Heathcoat ya ƙera injin saƙa ragar leshi a Ingila a 1808 da 1809. Leshi ya yi araha, masu saƙa shi da hannu don neman abinci suka shiga wahala.

To me ya hana saƙar ƙoshiya mutuwa? A ganina rubutu ne. Tsakanin 1850 da 1868 wata mata a Landan, Eléonore Riego de la Branchardière, ta yi ta fitar da ƙananan littattafai tana lissafa ƙulli nawa, madauki nawa. Ta yaɗa dabarar haɗa zobba tun ana cikin saƙa, maimakon a bi su da allura bayan an gama. A 1886 Thérèse de Dillmont ta fitar da babban kundinta na aikin allura tare da kamfanin zare na DMC da ke Mulhouse, aka fassara shi cikin harsuna da dama. A 1910 Katharin Hoare ta buga littafi mai hotunan aikinta da na Sarauniya Elizabeth ta Romaniya. Daga nan yarinyar da ba ta da kaka mai sana'ar ta samu hanyar koya daga takarda.

Furen dusar ƙanƙara shi ma yana da nasa tarihi. A 1611 Johannes Kepler ya yi rubutu yana tambayar dalilin da ya sa ƙwayar dusa take da kusurwa shida. A 1885 wani manomi na jihar Vermont a Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonta ta madubin ƙara girma, ya kuma tara hotuna sama da 5,000. Masu saƙa suna bin wannan siffa: zobe shida a tsakiya, sannan reshe shida, a tsoma cikin ruwan sitaci ko na sukari ya sandare, a rataya a bishiyar Kirsimati.

Ba ina cewa a kawo saƙar dusa Maraɗi ko Tawa ba, mu da dusar ba ta sauka a ƙasarmu. Abin da na ɗauka daga tarihin shi ne aikin da aka raɗa wa suna na banza ya rayu shekara ɗari biyu don an ƙirga shi an rubuta. Mu fa? Ɗinkin aska takwas, saƙar faifai da tabarma, dukancin Damagaram, mafi yawansu suna kan tsofaffi ne kawai. Tsoho in ya tafi da ƙirgensa, an yi asara.

Muna da darasin ayyukan hannu a lakwal, wanda muke ce wa APP, amma sau da yawa shara da ban ruwa ake yi cikinsa. Ina kira ga abokan aikina mu gayyato mai saƙar faifai ta zauna gaban ƴan aji, su ƙirga zagaye da launi, su zana, su rubuta cikin kaye. Lissafi ne sosai: da'ira mai digiri 360 in aka raba ta shida, kowane kashi 60 ne, yaro zai gani da idonsa. Iyaye kuma, in ɗiyarku ta zauna kusa da kakarta tana koyon saƙa, kada a ce ta bar karatu. A ba ta alƙalami ta rubuta abin da ta gani.