Asibitin Queen Square

Asibitin Queen Square, wanda cikakken sunansa shi ne National Hospital for Neurology and Neurosurgery, asibiti ne na cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke tsakiyar birnin Landan a ƙasar Ingila. Ya yi fice wajen kula da masu matsalar motsin jiki, wato karkarwa da sandarewar gaɓoɓi da fizgar da mutum ba ya iya hanawa, musamman cutar Parkinson.

Tarihi

An kafa shi a shekarar 1859 bisa ƙoƙarin Johanna Chandler da 'yan'uwanta, ya fara karɓar marasa lafiya a 1860. Sunansa na farko ya ambaci masu shanyewar jiki da masu farfaɗiya ne kawai. Sunan da ake kiransa da shi a baki kuwa na dandalin da ginin yake ne.

A 1912 Samuel Kinnier Wilson ya bayyana wata cutar gado da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa tare, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. Sai a 1948 John Cumings, shi ma a wannan asibiti, ya nuna cewa sinadarin jan ƙarfe ne ke taruwa a jikin masu cutar.

Bincike kan cutar Parkinson

Babban abin da asibitin ya bayar a wannan fanni ya fito ne daga ma'ajiyar ƙwaƙwalwa, inda ake adana ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi wasiyya a yi nazarinta bayan rasuwarsu. A 1992 Andrew Lees da abokan aikinsa sun duba ƙwaƙwalwar mutum 100 da likitoci suka ce suna da Parkinson. An tabbatar da cutar a 76 kacal. Sauran 24 wasu cututtuka ne masu kama da ita. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin maganin levodopa da ke sauƙaƙa Parkinson ba ya yin tasiri sosai a kan yawancinsu, kuma wasunsu sun fi ta saurin kwantar da mutum. Ka'idojin gane cutar da aka tsara a ma'ajiyar sun zama ma'auni ga likitoci a ƙasashe da dama shekaru masu yawa.

David Marsden, wanda ya kafa ƙungiyar ƙwararrun fannin tare da Stanley Fahn na Amurka a 1985, ya koma Queen Square a 1987. Ya rasu a 1998.