Yadda John H. Johnson Ya Samo wa Mujallar Ebony Talla

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihu.

Kafin in fara wannan shirin, na yi shekara biyu ina aikin nemo talla a wani gidan rediyo. Albashin ba wani abin kirki ba ne, la'ada ce abin dogaro. In ka kawo talla ka samu, in ba ka kawo ba ka koma gida da ƙura a ƙafa. Wata huɗu na farko ban kawo ko ɗaya ba. A lokacin ne na karanta labarin wani baƙar fatan Amurka, John H. Johnson.

An haife shi a 1918 a jihar Arkansas, jikan bayi ne. A 1933 suka koma birnin Shikago shi da mahaifiyarsa, daga baya ya samu aiki a wani kamfanin inshora na baƙaƙen fata, Supreme Liberty Life. A 1942 ya ƙudurta buga mujalla, ga shi ba jari. Sai mahaifiyarsa ta yarda aka jinginar da kayan ɗakinta, ya karɓo bashin dala 500. Kun dai san abin da kayan ɗaki yake a wurin uwa.

Da kuɗin ya aika wa masu hulɗa da kamfanin inshorar wasiƙu 20,000, yana neman kowa ya biya dala 2 tun kafin mujallar ta fito. Mutum 3,000 suka amsa. Da wannan dala 6,000 Negro Digest ta fito a watan Nuwamba 1942. Bayan shekara uku, a Nuwamba 1945, ya fito da Ebony, mujallar hotuna. Kwafi 25,000 na farko suka ƙare tas.

To, a nan matsalar ta taso. Mujallar hotuna takarda mai tsada take ci, kuma kuɗin da mai karatu yake biya ba ya riƙe ta. Talla ce take cike giɓin. In babu talla, ƙaruwar masu saye ƙaruwar ɗawainiya ce kawai. Manyan kamfanonin kuwa na farar fata ne, kuma ba su ɗauki baƙar fata a matsayin mai sayen da ya isa a yi masa talla ba. Ka ga ke nan, kafin Johnson ya sayar musu da shafi, sai ya fara gamsar da su cewa masu karatunsa suna da kuɗi kuma suna sayayya.

Sai ya sa ido a kan Zenith, kamfanin da ke ƙera rediyo a nan Shikago. Kamar yadda ya bayar da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1989, shugaban kamfanin, Eugene McDonald, ya yarda zai gan shi, amma ba don maganar talla ba. Johnson bai ce komai ba, ya koma ya binciki mutumin. Ya gano ashe McDonald ya taɓa tafiyar bincike can ƙuryar arewacin duniya, yankin ƙanƙara. Akwai kuma wani baƙar fata, Matthew Henson, wanda ya raka Robert Peary a shahararriyar tafiyarsa ta 1909 zuwa wannan yanki, ya kuma rubuta littafi a kai. Henson na nan da ransa a New York. Johnson ya sa aka samo littafin da sa hannun Henson, ya kuma sa labarinsa a Ebony.

Ranar ganawa, McDonald da kansa ya ɗauko zancen Henson, har ya nuna masa takalman tafiya a kan ƙanƙara da Henson ya ba shi. Johnson ya miƙa masa littafin, ya buɗe masa mujallar. Kafin ya fita, Zenith ta amince za ta sa talla, McDonald kuma ya buga wa shugabannin wasu kamfanoni waya ya gabatar da shi. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1951 ya ƙara da mujallar Jet, a 1982 ya zama baƙar fata na farko a jerin attajirai 400 na mujallar Forbes. Ya rasu a 2005.

Wani zai ce ai sa'a ce. Ni dai ban ga haka ba, don littafin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ni kuwa takardar farashi kawai nake ɗauka ina zaga shaguna, ban san ko sunan mai shagon ba. Da na gane, sai na koma wurin wani mai sayar da takin zamani da ya kore ni sau uku. Na yini a kasuwar ina tambayar manoma lokacin da suke kunna rediyo da shirin da suke saurare, na kai masa amsar a rubuce. Tallar sati biyu ya saya. Ba yawa, amma ita ce la'adata ta farko.

Saboda haka in za ka shiga wannan sana'a, kafin ka ƙwanƙwasa ƙofa ka san wanda ke ciki, ka kuma san mutanen da kake cewa za su ji tallarsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.