Tarihin Baƙuwa da Mai Masaukinta a Cikin Kwamfuta

A yau ɗalibi kan buɗe Linux a wata taga cikin kwamfutarsa mai Windows, ya gama gwajinsa, ya rufe. Masana suna kiran babbar manhajar da ke riƙe da injin mai masauki, wadda ke cikin tagar kuma baƙuwa. Dabarar ita ce a sa baƙuwar ta ɗauka gidan duka nata ne, alhali ɗaki guda aka ba ta.

Abin ya samo asali ne daga kamfanin IBM na Amurka, wanda ya fara aiki da manhajar CP-40 mai saukar baƙuwa a 1967, ya kuma fito da VM/370 a 1972. Kwamfutocin wancan zamani manya ne masu tsadar gaske, dole a raba inji guda ga mutane da yawa.

Ƙananan kwamfutocin tebur ne suka zo da matsala. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg sun bayyana sharuɗɗan da ƙwaƙwalwar kwamfuta za ta cika kafin ta iya saukar baƙuwa. Ƙwaƙwalwar x86 ta Intel, wadda daga baya ta mamaye kasuwa, ba ta cika su ba. Akwai umarnin da baƙuwa za ta bayar ya wuce, mai masauki bai sani ba, tsarin ya rikice.

Kamfanin VMware, wanda Diane Greene da mijinta Mendel Rosenblum na Jami'ar Stanford suka kafa tare da abokan aikinsu a 1998, shi ya warware ƙullin. Manhajarsu ta wancan lokaci tana duba umarnin baƙuwa tun kafin ya isa ƙwaƙwalwa, ta musanya mai hatsari da wani marar illa, duk cikin ƙiftawar ido. A 1999 suka fitar da ita da sunan Workstation. A ganina nan ne gwanintar ta fi fitowa, domin da manhaja kawai suka gyara naƙasun da ke jikin ƙarfe. Sai a 2005 Intel ya ƙara fasahar VT-x mai gyara naƙasun a ƙwaƙwalwarsa, kamfanin AMD ya biyo baya a 2006.

Wanda ya kai abin ga marasa ƙarfi shi ne VirtualBox. Kamfanin Innotek na Jamus ya sake shi kyauta a 2007, kamfanin Sun ya sayi Innotek a 2008, kamfanin Oracle kuma ya sayi Sun a 2010. Shi ma VMware Workstation, bayan shekara ashirin da biyar ana sayar da shi, an mayar da shi kyauta a 2024.