Motar Gazuwal 'Yar Kwatano: Me Ya Sa Take Kwantai?

A shirinmu na makon jiya wani mai sauraro ya bugo daga Malanbil da tambayar da lokaci bai bar mu mun amsa ba. Ya ce ya zo Kwatano sayen motar iyali, ya sauka a Zongo, dillali ya kai shi filayen motoci na Sekanji. Can ya ga Peugeot 307 guda biyu, shekararsu ɗaya, amma mai shan gazuwal ta fi mai shan fetur araha, kuma dillalin sai janye shi yake daga wajenta. Wai gata ake yi masa ko cuta? To, ga amsa, sai dai tana da ɗan tsawo, don sai mun koma baya.

Gazuwal dai shi ne man da mutanen Kano ke kira gas, 'yan jarida kuma su ce dizal. Sunan na ƙarshe daga Rudolf Diesel ya fito, Bajamushen da injinsa ya yi aiki sosai a garin Augsburg a 1897. Injin fetur fulogi ne ke kunna masa wuta. Na Diesel kuwa iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta wajen sau 18 har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai, ya kama da kansa. Wannan matsin shi ne sirrin tattalinsa. Shi ne kuma ya sa dole a gina shi da ƙarfe mai kauri, ga nauyi ga ƙara. Shekaru da yawa injin jiragen ruwa ne da manyan motoci. Ko da Mercedes ta sa shi a ƙaramar mota a 1936, direbobin tasi ne suka fi saye.

Iyayenmu sun san irin wannan tsohon injin a 504 ta gazuwal, wadda ta yi jigila tsakanin Kwatano da Faraku. Ƙarfin doki 70 ne iyakarta, ga hayaƙi, ga nawa a hawa. Amma fa ba ta zaɓen abinci. Famfonta na ƙarfe ne zalla, duk bakaniken da ke da sufana da haƙuri zai kwance shi ya mayar.

Abin da ya sauya labarin shi ne turbo. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905. Hayaƙin da zai fita ta salansa a banza sai a bi da shi ta kan wata 'yar farfela, ya juya ta fiye da sau 100,000 a minti. Ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura iska cikin inji, kamar zugazugin maƙeri. Iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru ba tare da injin ya ƙara girma ba. Peugeot ta fara sayar da 604 mai turbo da gazuwal a 1979, amma wannan motar manya ce. A 1982 Volkswagen ta sauko da dabarar cikin Golf, mota mai guntun baya wadda but ɗinta ke buɗewa har da gilashi. Injin nan dai mai lita 1.6 ya tashi daga doki 54 zuwa 70. Daga nan aka samu irin motar da muke magana a kai.

Kada ka ɗauka fasaha kaɗai ta tallata ta. Bayan tashin farashin mai na 1973, Turawa suka shiga lissafin kowace lita, kuma gwamnatin Faransa ta daɗe tana ɗora wa gazuwal harajin da bai kai na fetur ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Har ta kai a wasu shekaru, wajen 2008 zuwa 2012, sama da kashi 70 cikin 100 na sababbin motocin da ake sayarwa a Faransa na gazuwal ne.

Mataki na ƙarshe ya zo a 1997, da Alfa Romeo 156. Aka daina barin famfo ya tura wa kowane nozul mai shi kaɗai. Sai aka yi bututu ɗaya da ke riƙe da mai cikin matsi mai tsanani, kwamfuta ce ke buɗe nozul ta rufe a daidai lokacin da ta ga dama. Peugeot ta kira nata HDi a 1998, shi aka sa wa 307 da ta fito a 2001 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 2002. Matsin man cikin bututun nan ya kai bar 1,350. Tayar motarka bar 2 da 'yan kai take ɗauka, sai ka kwatanta.

Yanzu ga abin da ke burge ni, kuma ban ɓoye ba. 307 mai injin lita 2 na HDi doki 110 gare ta, ta fetur mai lita 2 kuma ta haura 130. A takarda ta fetur ta yi gaba. Amma ƙarfin ja, wato abin da kake ji a bayanka idan ka taka totur da mota cike da mutane da buhuna, na HDi ya kai 250 a ma'aunin da ake kira Nm, tun injin yana juyi 1,750 a minti. Ta fetur 190 take bayarwa, shi ma sai ta yi kuka ta wuce juyi 4,000. Ma'ana, idan za ka wuce tirela a hanyar Kandi, mai gazuwal ba sai ka sauko da giya biyu ba. Batun sha kuwa, lita 5 zuwa 6 take ci a kilomita 100, 'yar'uwarta kuma wajen 8. Tankinta lita 60 ne. Daga Zongo zuwa Malanbil kilomita 700 da wani abu ne, ka ga ke nan za ka bi Bohikon da Dasa da Faraku da Kandi, ka isa bakin kogi da sauran mai.

To me ya sa mota irin wannan take kwantai?

Sai ka tambayi waye mai saye. Tashar jiragen ruwan Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, ta zama babbar kasuwar tsofaffin motoci daga shekarun 1990. Ana tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda a tashar Antwerp, a sauke a nan. A wancan lokacin kaɗan ne ke tsayawa a Benin. Mafi yawa Nijeriya da Nijar suke nufa, har Bahaushe ya yi musu suna: 'yar Kwatano. Masu masauki da dillalan Zongo da ke tarbar baƙi daga Kano da Sakkwato da Maraɗi sun san abin da baƙonsu ke so. A Nijeriya a da gwamnati fetur take tallafa wa, gazuwal kuwa an sakar wa kasuwa, saboda haka ya fi tsada. Wato lissafin Faransa ne aka kifar da shi. Mu ma nan wannan fetur ɗin ne ke tsallako iyaka ya zama kpayo, ana sayar da shi a kwalabe a kowace kwana. Wanda ke da fetur mai araha a ƙofar gida me zai yi da tattalin lita biyu?

Na biyu shi ne man kansa. Ramukan nozul na HDi sirara ne kamar gashi. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin jarka ya isa ya cinye famfo da nozul huɗu, kuma waɗannan ba a gyara su da guduma. Ga kuma farar wuta da ke cikin gazuwal. Tun 2009 Turai ta ƙayyade ta a kashi 10 cikin miliyan. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta samu wani ya ninka ma'aunin Turai sau 378. A Disambar shekarar Benin da Nijeriya da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince a Abuja za su sauko zuwa 50, ECOWAS kuma ta ɗauki wannan ma'auni a 2020. An samu ci gaba, ban musa ba, amma sunan da mota ta yi a kasuwa ba ya goguwa da sa hannun ministoci.

Farar wutar ta fi yin ɓarna a rariyar hayaƙi, wadda Faransawa ke kira FAP. Peugeot ta fara sa ta a 607 a shekarar 2000, kuma 307 mai doki 110 tana da ita. Tana tare baƙin toka, sai mota ta yi doguwar tafiya salansa ya yi zafi ta ƙone shi. Yanzu ka ɗauki motar da kullum daga Zongo zuwa Dantokpa take, tana rarrafe tsakanin 'yan zem. Yaushe za ta yi zafin? Rariya ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage ƙarfi. Maganin da aka fi yi shi ne a fasa rariyar a zubar, hayaƙin kuma mu da ke bakin titi mu shaƙa.

Turawan ma sun juya mata baya. A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano Volkswagen ta sa wa kwamfutar motocinta dabarar yaudarar gwajin hayaƙi, motoci wajen miliyan 11 a duniya. Paris da Brussels suka shiga hana tsofaffin motocin gazuwal shiga gari. Idan ka ga ɗaya a Sekanji da arha, ka tuna can ma an matsu a rabu da ita.

Kasuwarmu kuma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. A 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, kafin mako ya zagayo kwalbar kpayo ta yi tsalle a Kwatano. Daga ranar lissafin lita biyun nan ya fara yin ma'ana.

Don haka, ɗan'uwa na Malanbil, dillalinka bai cuce ka ba, amma da idon mai saye na Kano ya duba maka. Kai da doguwar hanya ce aikinka, motar za ta iya yi maka rana, muddin daga famfon gidan mai za ka sha, kana sauya filtar mai a kan kari, kuma akwai bakanike mai na'urar karanta kwamfuta kusa da kai. Idan babu shi a garinku, bar ta. In ka koma filin, je da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, ka sa hannu a kan injin ka ji sanyinsa, sannan a murza makulli a gabanka. Mai lafiya bugu ɗaya take tashi. Ka zagaya baya ka dubi salansa: shuɗin hayaƙi yawanci turbo ne ke shan baƙin mai, fari mai yaji a ido kuma nozul ne.